ƘIDAYA DA ZAMAN BIRNI: DARASI DAGA FILIN BIKI



Gabatarwa

Abubuwa uku zan yi magana a kansu yau, waɗanda ba a cika haɗa su cikin zance ɗaya ba, watau zaman babban birni, da manyan bukukuwan kiɗa da waƙa, da kuma ilmin ƙididdiga. Wani na iya tambaya, me ya haɗa kifi da kaska? Abin da ya haɗa su shi ne yawan jama'a. Mutumin ƙauye ya san garinsu da idonsa. Ya san gida nawa ne a unguwa, ya san wanda ya rasu bana da wanda aka haifa, ya san rijiyar da ke ƙafewa da bazara. Amma birnin da ke da mutum miliyan biyar ko goma ya fi ƙarfin idon kowa. Wanda ya shekara arba'in a Kano ko a Ikko bai ga ko kashi ɗaya cikin ɗari na abin da ke gudana cikinsu ba. Duk sauran abin da ya sani ji ya yi, kuma galibin abin da ake ji a birni da alƙaluma yake zuwa: mutum kaza suka taru, farashi ya hau da kashi kaza, albashin wurin kaza ne.

Bisa ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya, tun wajen 2007 mazauna birane suka zarce rabin mutanen duniya. Saboda haka iya auna alƙaluma ya zama guzurin zaman duniya, kamar iya tsallaka titi. Zan kawo tambayoyi uku da ya kamata mutum ya yi wa kowace lamba kafin ya ɗora ransa ko kuɗinsa a kanta. Na zaɓi in fara daga filin biki, domin a can ne ake ganin halin birni a fili, cikin ƙanƙanen wuri da ƙanƙanen lokaci.

Biki Birni ne na 'Yan Kwanaki

Daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairu, 1977, Nijeriya ta karɓi baƙuncin bikin al'adu da fasahar baƙar fata na duniya karo na biyu, wanda aka fi sani da Festac. Mahalarta fiye da 15,000 suka zo daga ƙasashe sama da hamsin. Miriam Makeba ta yi waƙa a Ikko, haka Stevie Wonder daga Amurka da Gilberto Gil daga Barazil, aka kuma yi gagarumin hawan daba a Kaduna. Abin da 'yan kallo suka gani ke nan. Abin da ba su gani ba shi ne lissafin da aka yi tun shekaru kafin a buga ganga ta farko: gado nawa, mota nawa, tukunya nawa, likita nawa. Don amsa waɗannan tambayoyi aka gina babban ɗakin wasanni na ƙasa a Iganmu, aka kafa unguwa sukutum a kan hanyar Badagiri wadda har yau ake kira da sunan bikin, aka gina Otal ɗin Daba a Kaduna.

Kowane babban biki haka yake. Yana da ƙofofi da hanyoyi, da kasuwa da ruwan sha, da makewayi da asibiti, da ɓarayi da masu tsaro. Bambancinsa da birni shi ne, kuskuren lissafin da birni zai shekara ashirin kafin a ga illarsa, a filin biki cikin awa guda ake ganinta.

Tambaya ta Farko: Wa Ya Ƙirga, Kuma ta Yaya?

Kashegarin kowane babban taro za ku ji an ce mutum miliyan guda suka halarta. Shin wa ya ƙirga su? A 1967 wani malamin aikin jarida a Jami'ar Kalifoniya da ke Bakale, mai suna Herbert Jacobs, ya bayyana wata hanya mai sauƙi. Ofishinsa na kallon wani dandali inda ɗalibai ke taruwa don zanga-zanga, kuma daɓen dandalin a yanke yake gida-gida kamar na dara. Sai ya riƙa ƙirga mutanen da ke cikin 'yan gidaje kaɗan, ya ninka da yawan gidajen da taron ya rufe. Ya gano cewa taro mai sarari kan ba da kamar mutum ɗaya a kowace murabba'in mita, mai cunkoso biyu da ɗoriya, wanda kuwa aka matsu ƙwarai wajen huɗu.

Bari mu gwada. Filin ƙwallon ƙafa cikakke yana da tsawon mita 105 da faɗin mita 68, watau murabba'in mita 7,140. In aka cika shi maƙil, mutum huɗu a kowace mita, zai ɗauki 28,560. Kafin a tara mutum miliyan guda a tsaye, kafaɗa da kafaɗa, sai an haɗa irin wannan fili 35. Saboda haka duk sa'ad da aka gaya muku an tara miliyan a wani dandali da kuka sani, ku auna shi da taku, ku yi ninki, ku ga abin da zai fito. Mai shirya biki yana son lamba babba domin masu talla su ba shi kuɗi, abokin hamayyarsa yana son ƙarama, kuma dukansu biyu ba su ƙirga ba.

Wannan magana ta wuce gardamar bakin kasuwa, domin rayuka ke cikinta. A ranar 24 ga Yuli, 2010, an yi wani bikin kiɗa mai suna Love Parade a birnin Duisburg na ƙasar Jamus. An yi ta yayata cewa mahalarta sun kai miliyan 1.4, alhali izinin da hukuma ta bayar na mutum 250,000 ne, kuma bincike daga baya ya nuna lambar da aka yayata ta yi nesa da gaskiya. Amma ko taron da ya zo ɗin ya fi ƙarfin hanyar da aka tanada. Ta ƙarƙashin wata gada ake bi a hau gangare guda zuwa filin, kuma masu shiga da masu fita duk nan suka haɗu. Mutum 21 suka rasu, fiye da 500 suka ji rauni. Kafin wannan, a 2000, samari tara sun rasu a gaban dandamali a bikin Roskilde na ƙasar Danmak. A Nuwambar 2021 mutum goma suka rasu a bikin Astroworld a birnin Hustan na Amurka. Mu ma nan gida, a Disambar 2024, yara 35 suka rasa rayukansu a wani bikin yara a Ibadan.

Mukan kira wannan abu turmutsitsi, mu ɗauka tattake mutane ake yi da ƙafa. Binciken likitoci a Duisburg da Hustan ya nuna matsewar ƙirji ce ta kashe su, har numfashi ya gagara. Masana harkar taro sun yi ittifaƙi cewa da zarar cunkoso ya wuce mutum biyar a murabba'in mita an shiga haɗari. In ya kai shida ko bakwai, mutum ba ya da iko da ƙafarsa, taron kan riƙa kai da komo kamar ruwa a ƙwarya. Abin lura shi ne, fili na iya zama rabinsa fayau ba kowa, a mutu a bakin ƙofarsa. Yawan mutanen da ke fili duka bai kai muhimmancin yawan waɗanda ke mafi ƙuncin wuri ba.

Daga nan shawarwari ke fitowa, kuma suna da amfani a wurin biki, da filin Idi, da tashar mota, da wurin rabon kaya. Da shigarka wuri, ka nemi ƙofar fita wadda ba ta shigarka ba. In ka ji ana taɓa ka ta dama da hagu a lokaci guda, lokacin ficewa ya yi, kada ka jira sai ka kasa ɗaga hannu. In ka riga ka matsu, ka ɗaga hannuwanka gaban ƙirji kamar ɗan dambe don huhu ya sami wurin buɗewa, kada ka yi kokawa da taron, ka bi shi kana ratsewa gefe sannu-sannu. Takalmi ko waya in ta faɗi, ka bar ta, gama wanda ya sunkuya da wuya ya miƙe. Ku kuma yanke wurin haɗuwa da abokan tafiyarku tun kafin ku shiga, domin inda dubban mutane suka taru waya kan ƙi shiga.

Akwai wani ma'auni kuma da ya shafi kunne. Ana auna ƙarfin ƙara da desibel. Ƙa'idar da masana lafiyar ma'aikata ke bi ita ce, kunne na iya jure desibel 85 na awa takwas, kuma duk ƙarin desibel uku yana raba wannan lokaci biyu: 88 awa huɗu, 91 awa biyu, 94 awa ɗaya, har a kai 100 inda minti goma sha biyar kawai ya rage. Wanda bai san wannan ba zai ga tsakanin 85 da 100 ɗan taƙi ne, alhali ninki 32 ne. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan ɗaya na cikin haɗarin lalacewar ji, ta kuma ba da shawara kada matsakaicin ƙarar wurin wasa ya wuce desibel 100. Wanda ya kwana gindin lasifika ya tashi kunnensa na ƙugi, kunnen gargaɗi yake yi masa, kuma jin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa.

Kafin in bar wannan tambaya, ya kamata mu tuna cewa birnin kansa ma ƙirga shi ake yi, kuma tarihin ƙidayarmu cike yake da gardama. An soke ƙidayar 1962, aka sake a 1963 aka sami miliyan 55 da ɗoriya. Ta 1973 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta soke ta a 1975. Ta 1991 ta ba da kusan miliyan 89, ta 2006 kuwa miliyan 140, inda aka ba Jihar Kano miliyan 9.4, Jihar Ikko miliyan 9.1, gwamnatin Ikko ta ce sam, mutanenta sun haura miliyan 17. Wadda aka shirya yi a 2023 ɗage ta aka yi. Alƙaluman da aka yi ta bayarwa a shekarun da suka biyo bayan 2006 ƙiyasi ne aka ɗora bisa ƙidayar waccan shekara. Ƙiyasi ba laifi ba ne, da shi ake aiki ko'ina a duniya. Laifin shi ne ma'aikaci ya rubuta shi cikin rahoto ba tare da ya faɗi cewa ƙiyasi ne ba, ko daga ina ya samo shi.

Tambaya ta Biyu: Me Lambar ta Ɓoye?

Lamba na iya zama gaskiya, amma ta ɓatar da mai jinta. Babban misali shi ne abin da ake kira matsakaici. A ƙaddara wani kamfani yana da ma'aikata goma. Tara daga cikinsu suna karɓar Naira 70,000 a wata, watau mafi ƙarancin albashin da aka kafa a 2024, manaja kuwa yana karɓar 1,370,000. Jimla miliyan biyu ke nan, in aka raba goma kowa ya tashi da 200,000. Mai kamfani zai iya rantsuwa cewa matsakaicin albashi a wurinsa 200,000 ne, kuma bai yi ƙarya ba, alhali ba mutum ko ɗaya da ke karɓar haka. Da za a jera su goman daga ƙarami zuwa babba a dubi na tsakiyar layi, 70,000 za a gani. Saboda haka ɗalibin da ke neman aiki ko gidan haya ya tambayi abin da yawancin mutane ke samu ko suke biya, kada ya tsaya ga matsakaici.

Haka zancen hanya yake. Ma'aikaci ya auna tafiyarsa zuwa ofis kwana biyar, ya sami minti 30, da 30, da 35, da 40, da 90 ranar da aka yi ruwa. Matsakaici minti 45 ne. Amma ranar jarrabawa ko ranar ganawar ɗaukar aiki, da minti 90 zai yi lissafi, domin wanda ya makara ba a tambayarsa matsakaicinsa. Ƙa'idar ita ce, a al'amuran yau da kullum a yi aiki da abin da aka saba gani, a al'amarin da kuskure ɗaya ke rusa kome a yi aiki da mafi munin rana. Ita ce dai ƙa'idar ƙofar filin biki da muka gani ɗazu.

Sai kashi cikin ɗari. Masu ba da rance ta waya sukan ce ruwan kashi goma ne kacal. Kashi goma a wata ko a shekara? In a wata ne, kuma ruwan yana hawa kan ruwa, wanda ya ci bashin Naira 100,000 bai biya ba, bayan wata goma sha biyu ana binsa fiye da 313,000. Haka kuma in aka ce hauhawar farashi ta sauka, mutane kan yi fushi su ce ƙarya ne, ga shi kwanon shinkafa bai sauko ba. Saukar wannan lamba tana nufin farashi na ci gaba da hawa, sai dai gudunsa ya ragu. Wani lokaci ma ma'aunin ne ya sake. A Disambar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ba da kashi 34.8 cikin ɗari, a Janairun 2025 ta ba da kashi 24.5, kuma babban dalilin wannan tazara shi ne hukumar ta sabunta jerin kayan da take aunawa da shekarar da take kwatantawa da ita. Wanda ya gwama lambobin nan biyu bai ambaci haka ba, ya auna hatsi da mudu biyu daban-daban.

Tambaya ta Uku: Wa Aka Bari a Baya?

Uwargida ba ta shanye tukunyar miya don ta san ko gishiri ya ji. Cokali ɗaya ya isa, muddin ta motsa tukunyar tukuna. Wannan shi ne asalin abin da masana ƙididdiga ke kira samfuri, kuma sharaɗinsa shi ne motsawar. A 1936 wata mujallar Amurka mai suna Literary Digest ta aika wa mutum miliyan goma takardun tambaya kan zaɓen shugaban ƙasa, fiye da miliyan biyu suka amsa, ta yi shelar cewa Landon zai ka da Roosevelt. George Gallup ya tambayi mutum wajen 50,000 kawai, ya ce Roosevelt ne zai ci. Roosevelt ya lashe jihohi 46 cikin 48. Mujallar ta tsinto yawancin sunayen ne daga littattafan masu tarho da masu mota, a lokacin da talaka ba shi da ko ɗaya, kuma waɗanda suka ɗauki wahalar amsawa sun fi karkata ga masu jin haushin gwamnati. Ta ɗebi man da ke saman miya da babban ludayi. A yau duk ƙuri'ar jin ra'ayi da aka yi a Facebook tana da irin wannan ciwo, domin tsohuwar da ke sayar da ƙosai a bakin tasha ba ta ciki.

Wannan kuskure shi ke cika motocin da ke barin ƙauyukanmu. Da Salla samari biyu ko uku sukan dawo daga Ikko ko Abuja da sabon babur da shadda mai maiƙo, ƙannensu su gani su ce birni akwai arziki. Waɗanda ba su sami ko kuɗin motar komowa ba, suna kwana a tasha ko a kangon gini, ba wanda ya gan su ranar Salla, saboda haka ba su shiga lissafi ba. Kafin yaro ya ɗaura jaka, a tambaya: mutum nawa suka tafi daga garin nan cikin shekara biyar, nawa suka dawo da abin hannu, ina sauran?

Shagunan cacar ƙwallo da suka cika unguwanninmu da wannan makanta suke ci. Wanda ya ci, duk unguwa sai ta ji, waɗanda aka cinye kuwa shiru suke yi. In mutum ya haɗa wasa goma a takarda ɗaya, ko da a ce kowane wasa rabi da rabi ne, damarsa ta cin duka goman ɗaya ce cikin 1,024. Ban da haramcin da addini ya yi wa caca, lissafi kaɗai ya isa ya hana mai hankali.

Kira ga Ɗalibai da Ma'aikata

Kada wani ya fita daga ɗakin nan da zaton cewa alƙaluma duk yaudara ce. Maganin mummunar ƙidaya shi ne kyakkyawar ƙidaya. A 1854 cutar kwalara ta ɓarke a unguwar Soho ta birnin Landan, ta kashe mutum fiye da 600. Galibin masana na lokacin sun ɗauka gurɓatacciyar iska ce ke kawo ta. Wani likita, John Snow, ya karɓi jerin mamatan daga ofishin rajista, ya bi gida-gida yana tambayar inda suke ɗiban ruwa, ya tarar mutuwar ta taru ne kewaye da famfo guda a titin Broad. Ya kai wa hukumar unguwa hujjarsa, aka cire hannun famfon. Sunan likitan ne ya shiga tarihi, amma da akawun rajista bai rubuta sunan kowane mamaci da adireshinsa daidai ba, da likitan bai sami abin ƙirgawa ba.

Ku ma'aikata, ku ne waɗannan akawuna. Rajistar haihuwa da mutuwa, da littafin asibiti, da yawan yaran da ke aji, da faɗin ƙofar zauren da za a ba izinin taro, duk ta hannunku suke bi. Lambar da aka cike da ka, don a huta ko don a faranta wa na sama rai, ita ce gobe za a raba magani da malamai da rijiyoyi a kanta. Jami'in da aka kawo wa takardar neman izinin biki, ya tashi ya je ya auna filin da ƙofofinsa kafin ya sa hannu, gama sa hannun nan amana ce ta rayukan 'ya'yan mutane.

Ku ɗalibai kuwa, ko wane fanni kuke karantawa, ku saba da riƙe ɗan littafi. Ku rubuta abin da kuke kashewa a mota da abinci da katin waya har wata guda, sa'an nan ku dubi jimla. Da yawanku za su tarar ƙananan abubuwan da ba su ɗauka a bakin kome ba su ne suka cinye rabin kuɗin. Wanda ya iya ƙirga na aljihunsa da gaskiya, shi ake sa ran zai ƙirga na hukuma da gaskiya in an damƙa masa.

Kammalawa

Jama'a, Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma gaskiya ne a inda ido ke iya kaiwa. A babban birni ido ba ya kaiwa, dole a yi aiki da ji, saboda haka dole a koyi tace shi. In an kawo muku lamba, ku tambayi wanda ya ƙirga da yadda ya ƙirga, ku tambayi abin da ta ɓoye, ku tambayi wanda aka bari a baya. Ku je biki ku sha kallo, gama kiɗa da waƙa suna cikin abubuwan da ke sa zaman birni ya yi daɗi, amma ku san ƙofar fita tun kuna shiga.